Yadda Za Ka Gina Labarin Barade, Masu Rikiɗa Kyarkeci da Mashaya Jini a Zamanin Injin Tururi

Akwai salon ƙagaggen labari da Turawa ke kira sitimfank, inda marubuci ke ɗaukar ƙarni na 19, zamanin jirgin ƙasa mai cin kwal da fitilun gas, ya karkatar da tarihinsa har injin tururi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Idan ka zuba barade masu sulke a wannan duniya, ka haɗa su da mutanen da ke rikiɗa su koma kyarkeci da matattun da ke fitowa daga kabari su sha jini, ka samu labarin da zai hana mai karatu barci. Sai dai yana da saurin rushewa, kuma rashin lissafi ne ke rushe shi. Barde ya harba harsashin azurfa ɗari ba a san wanda ya biya ba, sulken tururi ya kwana uku yana tafiya ba a zuba masa ruwa ba. Mai karatu zai yarda da gawa mai tafiya muddin yana ganin kwal na ƙarewa, ma'aji kuma na ƙorafi. A kan wannan za mu ɗora komai.

Mataki na farko: nemo ranar da tarihi ya karkace

Kada ka fara da "a wata ƙasa ta Turai, a wani zamani". Zaɓi wuri na gaskiya da shekara ta gaskiya, ka sauya abu ɗaya tak, ka bar sauran su biyo bayansa. Ga wurin da na fi so, domin tarihi ya riga ya yi maka rabin aikin.

A 1718, bayan yarjejeniyar Passarowitz, arewacin Sabiya ya fita daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa ya koma hannun Ostiriya. Jami'an da aka turo daga Biyana, babban birnin Ostiriya, suka tarar da al'adar da ba su saba gani ba: ƙauyawa na tone kabari su kafa wa gawa turke a ƙirji. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, bayan rasuwar wani mai suna Petar Blagojević, mutum tara suka mutu cikin kwana takwas. Mutanen gari suka dage shi ne ke zuwar musu da dare, suka tone shi a gaban jami'in gwamnati, suka soke shi, suka ƙone, jaridar Biyana kuma ta buga rahoton. A farkon 1732 likitan soja Johann Flückinger ya je ƙauyen Medveđa ya duba gawarwakin da aka tono, ya sa hannu a takarda cewa da yawansu ba su ruɓe ba, kuma akwai jini a cikinsu. Aka sare kawunan, aka ƙone, aka watsa tokar a kogin Morava. Takardar nan ta zagaye Turai. Sai a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta sa likitan fadarta, Gerard van Swieten, ya duba lamarin. Ya ce camfi ne da rashin sanin yadda gawa ke ruɓewa, ita kuma ta kafa doka ta hana tone kaburbura da wannan hujja.

Nan za ka sa wuƙarka. A labarinka, rahoton 1755 ya dawo da cewa abin gaskiya ne. Daga nan sai ka riƙa tambayar kanka "sai me ya biyo baya?" har sau biyar ko shida. Idan azurfa ce makami, gwamnati za ta hana fitar da ita waje. Idan ana buƙatarta da yawa, za a ƙara zurfafa ramukan ma'adinai na Banská Štiavnica da kewayenta, cikin Sulobakiya ta yau. Rami mai zurfi ruwa ke cika shi, ruwa kuma injin tururi ke janye shi, ga shi tun 1722 an kafa irin injin Newcomen, tsohon injin tururi na janye ruwa, a Nová Baňa domin wannan aiki. Ka ga ke nan dodannin ne suka tura fasahar tururi gaba a Ostiriya har ta kere ta Ingila. Wannan sarƙa ita ce ke hana labarin zama tarkacen abubuwa uku da aka ɗaure da zare ɗaya.

Sannan ka tsallake shekara ɗari, ka ajiye labarin wajen 1855, lokacin da an haifi mutane sun tsufa cikin sabon tsarin. Ka kuma tuna cewa a 1739 Sabiya ta koma hannun Turkawa, don haka kogunan Saba da Danub ne iyaka. Akwai Musulmi a ɗaya gaɓar, kuma su ma sun san zancen: a 1833 jaridar gwamnatin Usmaniyya ta buga rahoton alƙalin Tirnova, cikin Bulgeriya ta yau, kan kaburbura biyu da aka tone bisa irin wannan zargi. Barde daga Biyana da jami'i daga Santanbul da dole ta sa suka yi aiki tare a bakin kogi ɗaya sun fi min daɗi sau goma a kan maimaita tsohuwar gabar da kowa ya sani.

Mataki na biyu: rubuta dokokin dodanninka a shafi ɗaya

Kafin ka rubuta babi na ɗaya, ɗauki takarda ka amsa tambaya biyar game da kowane dodo: ta yaya mutum ke zama shi, me yake ci, yaushe yake da ƙarfi, me ke kashe shi, yana tuna wanda yake a da? Abin da ka rubuta ya zama doka a kanka har ƙarshen littafi.

Wajen masha-jini kana da zaɓi biyu. Na ƙauyukan Sabiya manomi ne da aka binne jiya, jikinsa a kumbure, fuskarsa ja, kuma iyalinsa yake fara bi. Mai kuɗin nan fari fat, mai ado da daɗin baki, adabin Ingila ne ya kawo shi daga 1819. Batun cewa hasken rana na ƙone shi ƙurmus kuwa fim ɗin Jamus ne na 1922 ya yaɗa shi. Ba laifi ka ɗauki wanda ka so, amma shawarata ka haɗa biyun a matsayin tsani: sabon tashi shi ne kumburarren nan mara wayo, wanda ya tsira shekara hamsin ko ɗari kuma ya koyi magana, ya tara dukiya, ya sayi hannun jari a kamfanin jirgin ƙasa. Da haka barade na da abokan gaba iri biyu, wanda ake sara da wanda ake zama da shi a teburin cin abinci.

Mai karatu Bahaushe zai yi saurin ɗaukar masha-jini a matsayin maye, don haka ka raba su tun fitowar farko. Maye rayayye ne a cikin gari, kurwa yake kamawa, ana iya tsare shi a ce ya tsallaka mara lafiya. Masha-jini gawa ce, jini yake sha na zahiri, kuma babu sulhu da shi a bakin kabari. Mai rikiɗa kyarkeci bai da wannan wahala, domin mun taso da labarin mutanen da ke rikiɗa kura, sai dai ka nuna cewa naka wata ne ke juya shi, ba shi ke zaɓa ba, idan haka ka yanke.

Na ce "idan haka ka yanke" saboda tarihi ya ba ka hanya fiye da ɗaya. Peter Stumpp, wanda aka kashe a Bedburg kusa da Kolon, cikin Jamus, a 1589, ya faɗa a ƙarƙashin azabtarwa cewa ɗamara yake ɗaurawa ya rikiɗa. Cizon da ke yaɗa abin da kuma cikar wata, fina-finan Amurka na shekarun 1930 da 1940 ne suka kafa su a zukatan mutane. Akwai kuma shari'ar da nake ganin kowane marubucin wannan salo ya kamata ya sani. A 1692, a Liboniya, cikin Latbiya ta yau, wani tsoho mai suna Thiess ya tsaya gaban alƙalai ya amsa cewa shi mai rikiɗa ne, amma ya ce su karnukan Allah ne, suna shiga ƙarƙashin ƙasa sau uku a shekara su yaƙi matsafan da ke sace albarkar hatsi. Aka yi masa bulala aka kore shi daga ƙasar. Ka ɗauki wannan ka ba masu rikiɗarka nasu uzurin: su a ganinsu su ne ke tsare daji daga matattu tun kafin a san barade. Ranar da jarumin labarinka ya ji wannan daga bakin wanda ya ɗaure da sarƙa, labarin ya girma.

Mataki na uku: me ya dawo da sulke a zamanin bindiga?

Wannan tambaya ce da mai karatu mai kaifin hankali zai yi, domin bindiga ce ta kori cikakken sulke daga fagen fama. Amsarka mai sauƙi ce kuma mai ƙarfi: waɗannan abokan gaba ba sa harbi, cizo suke yi, cizo ɗaya kuma ya isa ya mai da soja abokin gaba. Ƙarfen da harsashi ke hudawa haƙori ba ya huda shi. Saboda haka wuya da wuyan hannu da bayan gwiwa su ne wuraren da maƙera za su fi ba muhimmanci, kuma barde zai gwammace ya fita ba takobi da ya fita ba abin rufe wuya. Cikakken sulken yaƙi na Turai nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne, a rarrabe a jiki, mai shi na iya gudu da hawa doki. Wanda ya taɓa kallon 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan sallah ya san yadda kaya ke sauya tafiyar mutum da ta dokinsa, kuma wannan sani zai yi maka amfani wajen siffantawa.

Ƙungiyar baraden ma ba sai ka ƙago ta daga iska ba. Baraden Tutonik, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Jamusawa, sun zauna a yankin Burzenland na Tiransilbaniya, cikin Romaniya ta yau, daga 1211 zuwa 1225 bisa gayyatar Sarki Andrew na Biyu na Hangari, kafin ya kore su saboda sun fara neman cin gashin kansu. A 1809 Napoleon na Faransa ya rushe ƙungiyar a ƙasashen Jamus da ke ƙarƙashinsa, ta tsira a Biyana. Baraden Asibiti kuma, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista irin ta farkon, sun riƙe tsibirin Malta daga 1530 har Napoleon ya fitar da su a 1798. Ga ƙungiyoyi biyu masu tsohon suna, marasa aikin yi, masu neman dalilin ci gaba da rayuwa. A duniyarka sarauniya ta miƙa wa ɗaya daga ciki tsaron makabartun iyaka. Ka ba su shugaba, ma'aji, likita, limamin cocinsu, maƙera, da yaran da ke ɗaukar kaya. Ka ba su kuma kishiya, wato sojojin gwamnati da ke ganin ana kashe wa barade kuɗin da ya kamata a ba su.

Mataki na huɗu: injuna da kuɗinsu

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin a nan ne yawancin labaran ke zubewa.

Fara da azurfa. Dalma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Selsiyos, soja na iya zuba harsashinsa a kan wutar sansani. Azurfa sai ta kai digiri 962, sai maƙeri da zugazugi. Ta fi dalma tauri kuma ta ɗan fi ta rashin nauyi, don haka ba ta kama cikin bakin bindiga yadda dalma ke yi, nesa kaɗan sai ta kauce. Ga kuma tsada. Kuɗin azurfa na Maria Theresa, wanda har kasuwannin Kano da Barno ya zo ta hanyar Sahara, nauyinsa giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Harsashin tsohuwar bindigar soja mai ɗura ta baki giram 25 zuwa 30 da ɗoriya ne. Harbi ɗaya, kuɗi ɗaya ke nan. Da zarar ka san wannan, abubuwa da yawa sun rubuta kansu: ana ƙirga wa barde harsasai ya sa hannu, bayan faɗa yara na bin gawa da wuƙa suna tono azurfar, wani ɗan kwangila na cakuɗa ta da kuza ya ci riba, barde ya mutu saboda harsashinsa na jabu ne. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya isa littafi guda.

Sai bindiga. Albarushi na da ƙara da hayaƙi da wari, kyarkeci kuma da hanci yake farauta. Sojojin Ostiriya sun yi amfani da bindigar iska ta Girandoni daga wajen 1780 zuwa 1815. Tana ɗaukar harsashi kusan ashirin a jere, ba wuta ba hayaƙi, iskar na cikin gindinta na ƙarfe, amma cika gindin ɗaya na cin bugun famfon hannu kusan 1,500. A duniyarka ƙaramin injin tururi a kan keken yaƙi ne ke cika su. Idan keken ya lalace, sai yaro ya kwana yana bugu.

Yanzu sulken tururi, wanda kowa ke son ya rubuta. Injin tururi na buƙatar abu uku: wuta, ruwa, da lokaci. Tukunya mai sanyi ba ta tashi nan take, babban kan jirgin ƙasa na ɗaukar sa'o'i kafin ya yi ƙarfin motsi. Ruwa yana ƙarewa da sauri fiye da kwal. Tukunyar da ruwanta ya yi ƙasa alhali wuta na ci tana iya fashewa, kuma fashewar tukunya ba wasa ba ce: a 1865 ta jirgin ruwan Sultana ta fashe a kogin Misisipi, mutum fiye da 1,000 suka halaka. Barden da ke cikin irin wannan sulke kamar mai goye da murhu ne, zafi na cin bayansa, ba ya iya laɓewa saboda huci da hayaƙi, ba dokin da zai ɗauke shi. Ka yanke masa iyaka da kanka, a ce minti arba'in na faɗa kafin a sake zuba ruwa, ka rubuta a shafin dokokinka. Kuma dole ya kasance da yaron wuta a bayansa, mai ɗauke da jakar kwal da salkar ruwa, ba sulke a jikinsa. Dodo mai wayo yaron zai fara nema.

Haske ma makami ne idan masha-jininka na tsoron rana. An san hasken farar ƙasa, wanda ake samu ta hura wutar gas a kan dunƙulen ƙasar, tun shekarun 1820, har gidajen wasan kwaikwayo suka ɗauke shi. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana buƙatar jakunkunan gas masu saurin kamawa da wuta da mutum tsaye yana juya dunƙulen. Ka yanke ko yana ƙona dodon ko makantar da shi kawai yake yi. Ni na fi son na biyun, domin makamin da ke gama komai yana gama labarin ma.

Jirgin balan-balan kuwa, ka yi hankali da shi. Henri Giffard ya tashi daga birnin Faris na Faransa a 1852 da inji mai ƙarfin doki uku, ya yi tafiyar kilomita 27, iska ta hana shi komowa. Wuta ce a ƙarƙashin buhun gas, har sai da ya juya bututun hayaƙin ya kalli ƙasa. Ko ka ninka fasahar sau goma, bar iska da tsoron gobara su ci gaba da mulkinsa. Don jigilar yau da kullum kana da jiragen ruwa masu tururi, waɗanda tun 1830 suke zirga-zirga a Danub tsakanin Biyana da Pest ta Hangari, kana da layin dogo da wayar tangaraho.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne wanda na fi ƙauna. Charles Babbage ya tsara injin lissafi mai aiki da katunan da aka huda a 1837, bai samu ya gina shi ba. A duniyarka an gina shi a Biyana, tururi ke juya shi, kowane coci na aiko da rajistar mamata, injin na tace su ya nuna ƙauyen da mutuwa ta yi yawa a gida ɗaya. Da haka ake tura barade. To, kwalara ma haka take kashe mutane, tarin fuka ma gida ɗaya yake bi. Injin bai san bambanci ba.

Mataki na biyar: kalanda da taswira

Wata na cika duk bayan kwana 29 da rabi. Wata cikakke na fitowa da faɗuwar rana ya faɗi da fitowarta, don haka daren rikiɗa dare ne mai haske, daren mashaya jini kuwa ya fi kyau a duhun ƙarshen wata. Barade na da fama iri biyu da ke karɓa-karɓa duk mako biyu, tsakaninsu ana jinya da gyaran kaya da rigimar kuɗi. Ɗora littafin a kan cikar wata uku: na farko su sha kashi, na biyu su gano wanda ke cin amanarsu, na uku a yi ta ta ƙare.

Ga abin da mu da muke kusa da tsakiyar duniya kan manta. A Kano dare bai cika wuce sa'a 11 zuwa 13 ba duk shekara. A Biyana daren ƙarshen Disamba na kusan sa'a 16, na Yuni kuma sa'a takwas. Yaƙi da masha-jini a hunturu da a bazara ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Fara labarin a Oktoba, dare na ƙara tsawo babi bayan babi, ruwan salka na daskarewa, ƙanƙara na tsayar da jirage a kogi. Zana taswira ko da da biro ne, ka sa kogi, layin dogo, ma'ajiyar kwal, makabarta da gidan barade, ka rubuta sa'o'in tafiya tsakaninsu.

Mataki na shida: zaɓi idon da za a ga labarin da shi

Babban barde ya san komai, don haka ba ya tambaya, mai karatu kuma tambaya yake so a yi masa. Yaron wuta, ko 'yar maƙerin da ke auna azurfa, ko sabon likita, su ne suka fi dacewa. Likitan na da nauyi na musamman. Gawar da ba ta dodo ba ma tana kumbura, jini na fitowa ta baki, fata na janyewa har farce ya zama kamar ya ƙara tsawo, idan aka soke ta iska na fita da sauti kamar nishi. Waɗannan su ne alamun da suka ruɗi mutanen 1732. A duniyarka wasu gawarwakin dodanni ne, wasu bayin Allah ne kawai, kuma likita ne zai faɗa a gaban uwar mamacin. Kayan aikinsa ma na zamaninsa ne. James Blundell ya fara ƙarin jini daga mutum zuwa mutum a Landan a 1818, amma ba a gano rukunonin jini ba sai 1901, don haka duk ƙarin jini caca ce da rai. Cizon mahaukacin kare kuwa, kafin allurar Pasteur ta 1885, da jan ƙarfe mai zafi ake ƙona shi. Haka za a yi wa barden da kyarkeci ya ciza, sannan a kulle shi a jira wata.

Wajen magana, bar mutanenka su yi ta da ladabin da kunnen Bahaushe ya sani. Yaro ya ce wa barde "ranka ya daɗe", barde ya ce wa tsohuwar ƙauye "iya". Sunayen mutane da garuruwa da addininsu ka bar su na can.

Mataki na bakwai: rubuta faɗan

Kafin a zare takobi, mai karatu ya san abu uku: me ake so a cim ma, me ya rage a jaka, kuma saura sa'a nawa gari ya waye. Sannan ka riƙe ido ɗaya, kada ka yi ta tsalle daga kan wannan zuwa kan wancan. Wanda ke cikin kwalkwali ta 'yar tsaga yake gani, numfashinsa ya fi komai ƙara a kunnensa. Ga misali:

Allurar ma'aunin tururi ta sauka ƙasa da jan layi. Yaron ya zura hannu cikin jakar kwal ya laluba.

"Ranka ya daɗe, saura dunƙule biyu."

"Ruwa fa?"

"Rabin salka, shi ma ya fara daskarewa."

Barden bai amsa ba. Karnukan ƙauyen da suke haushi tun faɗuwar rana sun yi tsit gaba ɗaya. Ya juya a hankali, gwiwar sulken na huci, ya tura yaron tsakaninsa da bangon coci.

"Zuba ɗaya. Ɗayan ka riƙe sai na ce."

Ba a ga dodo ba tukuna, amma an san abin da zai faru idan faɗan ya wuce minti goma. Idan ya fito, taƙaita jimloli, ka bar kowane sara ya ci wani abu: harsashi ya tafi, bututu ya tsage, tururi ya ƙone hannun yaro. Kada faɗa biyu su ƙare iri ɗaya. Wani a ci shi da dabara, wani a tsira da gudu, wani a yi nasara a wayi gari a ga fuskar wanda aka kashe maƙwabci ne. Idan kana sakin labarin kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad, yanke kashin a inda kaya suka ƙare, ba sai a inda dodo ya daka tsalle ba.

Mataki na takwas: bi rubutun da alƙalamin ma'aji

Bayan ka gama zubin farko, ajiye shi mako guda, sannan ka karanta da takarda a gefe mai layi huɗu: kwanan wata da yanayin wata, harsasan azurfa, kwal da ruwa, raunukan kowa. Cika ta babi bayan babi. Za ka tarar da wata ya cika sau biyu cikin kwana goma, ko barden da ya karye a hannun dama yana sara da shi bayan kwana uku. Gyara su duka. Sai ka duba kowace na'ura ka tambaya ko an san tushenta kafin shekarar labarin, idan ba a sani ba, wace halƙa ce a sarƙar da ka ƙulla tun 1755 ta haifar da ita. Wadda ba ta da amsa ka cire ta, ko da kana sonta. Daga nan ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya mai son tarihi, ɗaya wanda bai taɓa jin sunan Ostiriya ba, ka roƙi kowannensu ya sa alama a duk inda ya tsaya ya koma baya don bai gane ba, ka fara gyara daga shafukan da alamominsu suka haɗu.